Jan Ƙyallen Goshin Jirgi

"Ma... ta cire min zoben!"

Da wannan maganar 'yata Rusni ta faɗo gida, ta zube a gabana a kan katako, ko rigar aikinta ba ta tuɓe ba. Ina cikin dakan jatan lande, na saki taɓarya.

"Wa ya cire?"

"Tok Piyah, kakar Bang Sukri. A tashar jiragen ruwa, Ma, a gaban baƙi, a gaban kowa! Ta kama hannuna kamar za ta sa min albarka, sai ta zare shi..."

Na kama yatsan na duba. Wurin zoben ya yi fari, wata uku ke nan zoben baikon yana hannunta.

"Me kika yi mata?"

"Wata Baturiya ce ta hau goshin sabon jirgin Bang Sukri, wai za ta yi tsayuwar fim a ɗauke ta hoto. Na ce ta sauko, na ce ba a takawa, ta ƙi ji. Sai ga jirgin gudu na gidan su Sarina ya wuce, igiyar ruwa ta ɗaga mu, matar ta tafi za ta faɗa tsakanin jirgi da dutse... Na yi tsalle na riƙo ta, Ma. Ban ma san inda ƙafata ta sauka ba!"

"A kan ƙyallayen da ke ɗaure a goshin?"

Ta gyaɗa kai, hawaye na zuba.

"Sarina, wadda take son Bang Sukri, ta ɗauka a waya. Kafin mu dawo ta kai wa tsohuwar. Tok ta ce... ta ce abin da uwa ta yi shi 'ya ta maimaita. Ta ce ƙafar gidanmu ta cinye mata miji, ba za ta cinye mata jika ba."

Na miƙe tsaye. Wallahi sai da na ji gidan yana juyawa da ni a kan ruwa.

Shekara arba'in! Shekara arba'in matar nan ba ta gaji ba!

Bari in faɗa muku yadda aka yi, don na gaji da jin labarina a bakin wasu. Sunana Samsiyah. A nan tsibirin Ko Tawan aka haife ni, a nan zan mutu. Ban yi makaranta ba, kapi nake yi, wato daddawar jatan lande, ina sayarwa, kuma duk tsibirin nan babu wadda ta kai ni. Dutsen nan da ke tsaye a tsakiyar ruwa, wanda baƙi 'yan yawon buɗe ido ke cika jirage don su gani, da Dutsen Taɓarya muke ce masa. Yanzu kowa Dutsen Fim yake cewa. Hoton nan kuma da ke jikin riguna da kofuna da faranti a kowace rumfa, mace ta juya baya tana tsaye a goshin jirgi, gashinta na tashi, dutsen yana gabanta, ba 'yar wasan Turawan ba ce.

Ni ce.

Ina da shekara goma sha tara 'yan fim suka zo. Matar da suka kawo tsoron ruwa take yi, ko a tasha aka sa ta a jirgi sai ta yi amai. Suka bi gari suna neman mai tsayinta da tsawon gashinta, suka same ni. Jirgin da suka ɗauka haya kuma na Pa Hem ne, mijin Piyah, uban Donlah. Donlah shi ne wanda aka sa mana rana da shi, saura wata biyu. A lokacin ya tafi Phuket sayo kayan aure.

Kowa ya sani, muddin ƙyallayen gida suna ɗaure a goshin jirgi, ba a sa ƙafa a wurin. In an kwance su, katako ne kamar kowane katako, shi ya sa masu gyara ke hawa ba mai cewa komai. Da aka ce in hau, na ce ba zan hau ba. Pa Hem da hannunsa ya kwance nasu guda uku, kore da fari da rawaya, ya ninke ya sa a jakarsa, ya ce, "Hau, 'yata, yanzu ba komai." 'Yan fim suka ɗaura wani nasu don ya riƙa kaɗawa. Ba ɗan garinmu ko ɗaya a wurin, duk an kore su nesa.

Kwana tara bayan nan Pa Hem ya fita kamun kifi da asuba, iska ta taso, bai dawo ba. Katako biyu kawai aka tsinta.

Ranar sadakar uku Piyah ta tsaya a tasha ta nuna ni da yatsa.

Na yi rantsuwa, na yi kuka, na ce shi da kansa ya kwance su. Wa zai ba ni shaida? Mai shaidar yana ƙarƙashin teku. Da hoton ya iso gari bayan shekara guda, baƙi ƙirin yake don da faɗuwar rana aka ɗauka, sai inuwa. Ga ni a tsaye, ga wani abu yana kaɗawa a ƙarƙashin ƙafata. Mutane suka ce, "To ga ƙyalle nan, me kuma za ta ce?"

Donlah bai zage ni ba. Bai kuma kare ni ba. Kansa ya sunkuyar ya bi bayan uwarsa, wannan ne ya fi yi min ciwo.

Shekara goma sha biyar ba wanda ya yarda ya ɗauke ni a jirginsa sai ƙanina. Sai da na kai talatin da biyar wani bawan Allah daga Krabi ya aure ni, ya bar min Rusni, ya rasu. Su kuwa gidan Piyah? Da hoton nan suka yi rufin kwano. Da shi suka sayi jirage uku suna kai baƙi wurin dutsen. Bayana yake ciyar da su, fuskata kuma ba sa son gani.

Da Sukri, ɗan Donlah, ya fara zuwa wurin Rusni, na ce ban yarda ba. Yarinyar nan ta daina cin abinci, ta rame har rigar aikinta ta yi mata yawa. Na haƙura. Can ma Donlah ya lallashi uwarsa da ƙyar aka kawo zobe. Ashe jira take yi.

Ban gama share wa Rusni hawaye ba na ji ƙarar inji a ƙarƙashin gida, don gidajenmu a kan ruwa aka kafa su. Sukri ne. Ya hawo tsani da gudu, rigarsa jiƙe.

"Rusni! Rusnina, ina kike?"

Na tare ƙofa da taɓarya.

"Koma inda ka fito."

"Ma Siyah, don Allah..."

"Ni ba uwarka ba ce. Kana ina aka cire mata zobe?"

"Ina ɗaure jirgi, Ma. Kafin in hawo an gama."

"Haka ubanka ma. Kullum kafin su hawo an gama!"

Rusni ta leƙo ta bayan kafaɗata. Yana ganin idanunta ya durƙusa a kan katako.

"Ƙanwata, kalle ni. Rai kika ceta! Da ba ki riƙe matar nan ba da yanzu gawa ake nema. Jirgina ne, ni na sare itacensa, in kin ga dama ki taka shi daga goshi har jela."

"Kar ka faɗi haka, Bang... in wani abu ya same ka a ruwa fa? Me za a ce?"

"Babu abin da zai same ni sai abin da Allah ya rubuta."

"Za su ce ni ce..." in ji ta. "Na ga yadda Ma ta rayu. Ba zan iya ba, Bang. Ka je ka auri Sarina, kowa ya huta."

"Sarina? Wadda ko ƙullin igiya ba ta iya ba? Gara in auri injin jirgina, shi aƙalla in ya yi ƙara yana kai ni wani wuri."

Rusni ta yi dariya cikin kuka. Ni ban yi ba.

"Ka ji ni da kyau," na ce masa. "Ko kakarka ta dawo da zoben nan a kan farantin zinariya, 'yata ba za ta shiga gidanku ba sai matar nan ta tsaya a inda ta tsaya ta zage ni, da rana tsaka, ta ce ƙarya ta yi min."

"Ma, ta haura tamanin..."

"Bakinta bai tsufa ba ai. Jiya-jiya ya yi aiki."

Ya tashi jiki a sanyaye. Har ya kai tsani ya juyo.

"Rusni, zuciyata, ki ci abinci. Ko don ni."

Ba ta ci ba.

Kwana goma gidana kamar gidan makoki. Ta je aiki ta dawo ta kwanta ta juya wa duniya baya. Aikinta kuma rakiyar baƙi ne, tana yi musu bayani da Turanci, a kamfanin uban Sarina. Kullum sai ta nuna musu hoton uwarta ta ce ga inda aka tsaya. Ku duba min wannan rayuwa.

Rana ta goma sha ɗaya Sarina da kanta ta zo rumfata. Ta sha hoda, ta rufe ido da baƙin tabarau, tana toshe hanci wai warin kapi.

"Ja Siyah, albishirinki," in ji ta, wai yau ni ce Ja, wato babbar yaya.

"In saya za ki yi, ki saya. In ba haka ba kina tare min iska."

"Fim ɗinku ya cika shekara arba'in. Masu shi sun wanke shi da na'ura, ya fito fes kamar jiya aka ɗauka. Babana ya sa an buga hoton a babban allo, ya fi gidanki tsawo, ranar Asabar za a buɗe a tasha." Ta yi murmushi. "Na sa an rubuta sunanki a ƙasa. Da manyan baƙaƙe. Kowa ya san wadda ta hau."

"Wa ya ba ki izini?"

"Ai girmamawa ce. Tok Piyah ma na gayyace ta, kujerar gaba na ajiye mata. Kya zo? Au, na manta, ba kya karatu. Zan sa a karanta miki."

Na ɗebi kapi cikin ludayi. Ta ga idona, ta ja da baya da sauri har takalminta ya maƙale a tsakanin katako.

Na gane abin da take so. Tsohuwar ta zauna a gaba ta kalli ƙafata a kan goshin jirgin mijinta, ƙatuwa kamar ƙofa, ta yadda ko Donlah ya yi shekara yana roƙo ba za ta sake ba.

Ranar Asabar na yi wanka, na ɗaura zanena mai kyau, na soke wuƙar gyaran kifi a ƙugu.

"Ma, ina za ki da wuƙa?" in ji Rusni.

"Allon zan yanka, ba mutum ba. In sun ga dama su kai ni wurin 'yan sanda."

"Ma, don Allah, za ki ƙara mana abin faɗa!"

"Me ya rage ba a faɗa ba?"

Ta biyo ni tana kuka tana jan zanena.

Tasha ta cika maƙil. Baƙi da jajayen fatu da wayoyi a sama, masu jirage sun jeru a bakin ruwa, limaminmu na zaune, uban Sarina yana ta surutu a lasifika. An lulluɓe allon da shuɗin yadi. Tok Piyah na kujerar gaba da sandarta, Donlah yana tsaye a bayanta. Gashinsa ya yi fari, matarsa ta rasu shekara huɗu da suka wuce. Ya gan ni, ya yi abin da ya saba, ya sunkuyar da kai.

Na kutsa har gaba, hannuna a kan wuƙa.

Sarina ta ja igiya. Yadin ya faɗo.

Baƙi suka hau tafi.

Ni kuwa na daskare.

Ga ni nan, 'yar shekara goma sha tara. Baƙin nan da ya rufe hoton duk ya tafi. Ana ganin ruwan kore, ana ganin zanen katakon jirgin, har tabon da ke dunduniyata. A ƙarƙashin ƙafata kuma ƙyalle yana kaɗawa.

Ɗaya ne tak.

Ja wur.

An kuma ɗaure shi da kunnuwa biyu, irin ɗaurin igiyar takalmin 'yan makaranta.

Ban iya karanta abin da suka rubuta a ƙasa ba, amma ɗauri kam na iya karanta shi. Ba ni kaɗai ba. Tafin baƙi yana ta tafiya, amma ɓangaren masu jirage ya yi tsit. Ko yaron da ya fara riƙe igiya jiya ya san ba a yi wa goshin jirgi irin wannan ɗaurin. Zagaye uku ake yi, a soke, a saki jela ta dama. Kuma kowa ya san launin gidan Hem, ga su nan ma a jiragensu uku da ke bakin tasha. Ba ja a ciki.

Wani tsohon mai jirgi ya ce da ƙarfi, "Kai! Wane mahaukaci ne ya yi wannan ɗaurin?"

Wani ya ce, "Wannan ai kyautar biki aka naɗe!"

Sai na ji murya a bayana, muryar da rabona da ita a kusa shekara arba'in.

"Wannan ba ɗaurin Pa ba ne."

Donlah ne. Ya zagayo gaban kujerar uwarsa, yana kallon allon.

"Ba ɗaurinsa ba ne, ba launinmu ba ne. Ma... Siyah ta faɗa. Tun a ranar ta faɗa. Ina ƙyallayenmu suke?"

Tsohuwar ta kau da kai.

Na zo na tsaya a gabanta. Wallahi na tanadi zagi na shekara arba'in, na jera su, na san wanda zan fara da shi. Amma abin da ya fito daga bakina kaɗan ne.

"Piyah, a nan kika tsaya. Ga mutane, ga rana. Ki faɗa."

Sarina ta matso da sauri. "Tok, rana ta yi zafi, mu kai ki inuwa..."

"Ke, matsa can!" Sukri ya daka mata tsawa. "Ba ke kika tara mu ba? To ga shi mun taru."

Tok Piyah ta ɗaga ido ta kalli allon, ta daɗe. Sannan ta dafa sanda ta miƙe, ta juya ta kama hanyar gida.

Na ce a raina shi ke nan, ta sake gudu.

Ba wanda ya watse. Uban Sarina ya kashe lasifika. Baƙi suna ta tambayar Rusni me ya faru, ita kuwa ta ƙanƙame hannuna.

Can sai ga tsohuwar tana dawowa, taku ɗaya-ɗaya, rungume da wani tsohon gwangwanin biskit da ya yi tsatsa. Ta zo gabana. Hannunta ya kasa buɗewa, Donlah ya buɗe mata.

Kore. Fari. Rawaya.

A ninke, a goge, sun koɗe, suna warin kafur.

"Ya kawo min su ranar da aka yi hoton," ta ce, muryarta can ƙasa. "Ya ce in wanke kafin Turawa su dawo masa da jirgi. Na manta. Sai ana gobe zai fita na tuna, na wanke, aka kwana ana ruwa, ba su bushe ba. Da asuba ya ce in ba shi haka nan. Na ce a'a, za su yi wari, ka je ka dawo, kwana ɗaya ba komai..."

Ta shafa ƙyallayen. Hawaye ya bi ramukan fuskarta.

"Ya fita da goshi tsirara. Ni na tura shi. Da aka ce bai dawo ba, na duba igiyar shanya na gan su suna kaɗawa... na kasa ɗauka. Na nemi wanda zan ɗora wa. Ke ce kusa."

"Ɗaga murya," na ce. "Na can baya ba su ji ba. Ranar da kika zage ni har masu jirgin tsibirin Ko Yao sun ji."

Donlah ya ce, "Siyah..."

"Kai kuma ka yi shiru! Ai ka iya."

Tsohuwar ta juya ta fuskanci mutane. Ta ɗaga ƙyallayen sama da hannu biyu.

"Samsiyah ba ta taka komai ba! Ƙarya na yi mata! Ƙarya na yi wa yarinyar nan, na hana ta aure, na hana ta jirgi. Ku shaida!"

Sai ji na yi ina zaune a kan katakon tasha, Rusni ta rungume ni tana cewa, "Ma, kin ji? Kin ji, Ma?" Wani abu da ya tokare min ƙirji tun ina budurwa, wanda na ɗauka haka ƙirjin kowa yake, na ji ya sauka. Na ja numfashi har cikin cikina. Ashe haka iskar teku take da daɗi.

Liman ya taso ya ce, "Piyah, iska ce ta ɗauki Hem, da kwanansa da ya ƙare. Ƙyalle ba ya riƙe rai, ba ya sakin rai. Kin azabtar da kanki, kin azabtar da baiwar Allah a banza."

Na ce, "Malam, ni ma na san haka. Amma da ƙyalle aka yanke min hukunci, da ƙyalle nake so a wanke ni. Yanzu an yi."

Sarina dai ba ta haƙura ba. Ta ɗaga wayarta.

"To ita Rusni fa? Nata ai gaskiya ne, ga hoto! Ta taka!"

Tok Piyah ta juyo ta kalle ta sama da ƙasa.

"Ta taka don ta ceci rai. Ke da kina kusa me kika yi? Hoto kika tsaya ɗauka." Ta share fuska da gefen mayafi. "In an taka bisa kuskure, kwancewa ake yi, a wanke goshin da ruwan daɗi, a ɗaura wasu, a ciyar da mutane. Kowa ya san haka. Ni ma na sani ranar da na cire zoben."

Masu jirage suka fashe da dariya. Sarina ta mayar da tabarau ta sulale ta bayan allon da ta sa aka buga.

Tsohuwar ta kwance bakin zanenta. Zoben yana ƙulle a ciki. Ta miƙo hannu wajen Rusni, sai ta tsaya ta dube ni.

"Kin yarda?"

Na bar ta tana jira. Ba da yawa ba, amma na bar ta.

"Ba ke za ki sa ba," na ce. "Ke kika cire. Ba wa yaron."

Sukri ya karɓa hannunsa na rawa, har zoben ya kusa faɗawa ruwa ta tsakanin katako.

"Bang, a hankali!" in ji Rusni.

"Ke ce kike sa ni rawar jiki, ƙanwata. Kawo hannun... Rusnina, hasken idona, daga yau ko ni na ce ki cire, kar ki cire."

"Ko da wasa ka ce in cire, Ma na da wuƙa."

Sai a lokacin na tuna da ita a ƙuguna.

Washegari da hantsi aka wanke goshin jirgin Sukri. Tsofaffin ƙyallayen kakansa aka ɗaura, Donlah ya yi zagaye uku ya soke, ya saki jela ta dama. Na dafa shinkafa da miyar kifi mai kapi, tukunya uku, ba a bar ko ƙanzo ba. Matan da suka yi shekaru suna kauce min a hanya suka zo suna, "Ja Siyah, mu dama mun san..." Na ce su ci abinci su rufe min baki.

Bayan wata biyu aka ɗaura aure. Amarya a jirgi aka kai ta, aka zagaya Dutsen Taɓarya sau ɗaya kafin a wuce gidan miji. Ni ma na shiga. Wannan ne karo na farko da na sa ƙafa a jirgin gidan Hem tun ranar hoton.

Donlah ne ke riƙe da inji. Da muka zo daidai dutsen ya rage gudu, ya matso kusa da ni.

"Siyah... da na tsaya miki a lokacin."

"Da ka tsaya."

"Ki yafe min."

Na kalli Rusni a gaba, ta jingina da kafaɗar mijinta, tana dariya, kumatunta sun dawo. Da na auri Donlah da babu ita, da babu Sukri.

"Na yafe," na ce. "Amma kar ka ɗauka wani abu ne."

"A'a, a'a... Sai dai na ce ko zan riƙa zuwa sayen kapi."

"Rumfa a buɗe take ga kowa."

"Kullum?"

"Mutum ɗaya me zai yi da kapi kullum? Kalli gabanka, Bang Lah, kar ka haɗa mu da dutse a ce ni ce."

Ya yi dariya har da hawaye. Sai da na faɗa na lura da sunan da na kira shi, sunan da nake kiransa lokacin da aka sa mana rana.

Allon yana nan a tasha har yau. Uban Sarina ya so ya sauke, masu jirage suka ce in ya taɓa shi ba mai ƙara ɗaukar masa baƙo. Na mayar da rumfata ƙarƙashinsa, don inuwarsa ta fi ta ko'ina. Rusni ta karanta min abin da aka rubuta, sunana ne da na ubana, ba kuskure ko ɗaya.

Jiya wata 'yar Baturiya ta tsaya tana kallon hoton, ta tambayi Rusni wace ce wannan kyakkyawar. Rusni ta nuna ni. Yarinyar ta kalli allon, ta kalle ni da ludayina da haƙorana huɗu da suka rage, ta ce wai in juya baya a ɗauke mu tare.

Na ce wa Rusni, "Gaya mata bayana ya gama aiki. In hoto take so, ga fuskata."